Rikodar Kawu da Man Gyaɗar Inna

Ba a lakwal, wato makarantar boko, na koyi karatun Hausa ba. A lakwal Faransanci aka ɗura mana, a gida Hausa muke yi da baki, a titi kuma Dandanci. Littattafan soyayya ne suka koya mini karanta harshen uwata, waɗannan 'yan sirara masu hoton fure da mota a bango, waɗanda 'yan kasuwar Kamba da Birnin Kebbi ke tsallakowa da su garinmu Malanville a ƙarƙashin turamen atamfa. Na fara da haɗa baƙi, na ƙare da haddace shafi guda. Tun daga nan na ɗauka haka mutane ke magana idan suna son juna, wanda bai yi haka ba kuma bai iya so ba.

A littattafan, saurayi yakan sauko daga mota, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga falo. Ni aikina a kasuwa shi ne shafa wa buhunan albasa alamar masu su da fenti, kafin a loda su a manyan motoci zuwa Kwatano. Abin da ke riga ni shiga ko'ina warin albasa ne. Duk da haka, idan na tsaya a bakin kogi da yamma ina kallon motocin da suka yi layi a gaban duwan, wato ofishin kwastan, suna jiran hawa gada, nakan ji ni ma wani ne a cikin labari, marubucin ne kawai bai iso shafina ba.

Yarinyar da nake so ɗiyar wani manomin shinkafa ce, gidansu na can ɓangaren kogi. Zance a gidansu yana da tsarinsa. Bayan la'asar ake zuwa, kafin magariba a tashi. Baƙo ya zauna a benci a gindin dogonyaro, ita ta zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, kakarta kuma ta shimfiɗa tabarma a tsakiya tana tsince tsakuwa a shinkafa. Duk abin da saurayi ya kawo, goro ne ko alawa ko ɗan kwali, sai ya bi ta hannun Kaka. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗanɗana idan na ci ne, sannan ta miƙa ko ta riƙe. Maganar da ka yi ma ta kanta take wucewa.

Ni kuwa na zo da kayan da na haddato. Wata rana na gyara murya na ce da yarinyar ita ce fitilar da ke haskaka lungunan zuciyata. Kaka ba ta ko ɗaga kai daga faifai ba.

"Wace fitila, angona? Ta ƙwai ko tocila?"

Yarinyar ta cusa fuska a cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Na koma gida na gaya wa kaina cewa kunya ce, domin a littafi ma haka suke yi kafin su amsa.

Ba ni kaɗai ke zama a bencin nan ba. Akwai wani ɗan Kamba mai sayar da atamfa, yana da moto, wato babur, yana zuwa a ranakun da ba nawa ba. Na ji an ce yana sa Kaka dariya har ta zubar da shinkafa. Ban damu ba. Na san irinsa a littafi: mai kuɗin da ake yarwa a babi na ƙarshe.

Ranar da na fara damuwa ita ce ranar da yarinyar ta yi mini magana ba tare da ta ɓoye fuska ba. An fara yankan shinkafa a lokacin, babanta yana gonarsa a ƙauyen Garou.

"Baba zai dawo in an gama yanka," in ji ta. "Ya ce in ya dawo in faɗa mishi wanda zai turo manyansa. Ɗan Kamba ya faɗi abin da ke kawo shi tun tuni. Kai kuwa, Mai littafi, na ji wata, na ji taurari, na ji fitila. Har yanzu ban ji abin da ke kawo ka ba."

Na buɗe baki. Kaka ta ajiye faifai ta zuba mini ido kamar mai jiran a fara wasa. Na rufe bakin. Abin da ya fito daga baya shi ne tambayar ko shinkafar bana ta yi kyau.

A hanyar gida na gane matsalata. Zan iya karanto shafi guda a gaban Kaka, domin ba nawa ba ne. Amma kalmomin nan 'yan kaɗan da ake nema, nawa ne, kuma ba za su iya tsallake tabarmar nan ba. Sai na tuna da rikodar Kawu.

Kawuna direban babbar mota ne tsakanin Kwatano da Yamai. Yana da wata 'yar rikoda ta aljihu, mai cin kaset, wadda ake saurare da abin sawa a kunne. Da ta daina aiki ya jefa mini ita ya ce in yi wasa da ita. Murfinta ya tsage, an ɗaure shi da roba. Idan ka danna, sai ka ji inji na gunaguni a ciki amma kaset ba ya juyawa. Ina kuma da wani kaset mai waƙar da namiji da mace ke amsa wa juna, wadda a ganina ta faɗi duk abin da ke raina, har da wanda ban sani ba. Shirin ya zo mini gaba ɗaya: zan gyara rikodar, in ƙara mata abin kunne na biyu mai doguwar waya. Ni a benci, ita a bakin zaure, waƙa ɗaya a kunnuwanmu, Kaka kuma ba ta jin komai. Idan waƙar ta ƙare sai mu kalli juna. Ba sai na ce uffan ba.

A tsakar gida na buɗe wurin gyara, a kan tabarma, kusa da inda Inna ke suyar ƙuli-ƙuli. Na wasa bakin wata tsohuwar wuƙa a dutse har ya shiga kan 'yan ƙusoshin bayan rikodar. Ina kwancewa ina tara su a murfin kwano. Kazar Inna ta zo ta leƙa, ta zaɓi guda ta haɗiye. Na bi ta da gudu har bayan rumbu. Inna ta ce idan ina son ƙusata in yi haƙuri in riƙa bin kazar, komai daɗewa za ta mayar mini. Ban bi ta ba. Wannan kusurwar da zare na ɗaure ta.

A ciki na tarar da ciwon. Wata 'yar siririyar roba ce ke haɗa inji da ƙafar da ke juya kaset, zafin motar Kawu ya narkar da ita ta koma kamar kwalta. Na goge da tsumma da kananzir. Sabuwar roba kuwa, daga robar cikin tayar tsohon kekena na yanko ta da reza. Ta farko ta yi kauri, inji ya yi nishi ya tsaya. Ta biyu ta yi siriri, ta tsinke ta mare ni a leɓe. Na yi ta yanka har tabarma ta cika da baƙaƙen zobba. Sai wata rana da hantsi na danna, kaset ya motsa, muryar macen ta faɗo mini a kunne. Tana ɗan sauri, kamar ana biye da ita, amma ita ce. Na miƙe tsaye ban sani ba.

Da mai hankali ne, nan zai tsaya. Ni yanzu na fara.

Abin kunne na biyu na samo a tarkacen wani maƙwabci. Wayar kuwa daga mataccen rediyon gidanmu na zaro ta guntu-guntu, na yi ta ƙullawa, ina naɗe mahaɗin da leda. Tsawon na auna da ido tun a zancen da ya wuce: daga benci, ta saman tabarmar Kaka, zuwa bakin zaure, da ɗan rara don kada ta ja kunnen yarinyar. Don in liƙa wayar a ciki, na kankaro dalma daga cikin rediyon, na sa ƙusa a garwashin Inna har ta yi ja, na riƙe ta da tsumma. Dalmar ta liƙe a wurin da nake so bayan ta liƙe a wurare da yawa da ba na so, ciki har da babban yatsana. Na daɗe ina kallon bororon da ya tashi, ina jin daɗi. Babu jarumin da ya taɓa samun masoyiya ba tare da tabo ba.

Sai batir, wanda mu muke kira pil. Ƙananan da rikodar ke ci ba sa daɗewa, ko ka shanya su a rana, ko ka cije su. Na ji tsoron su mutu a tsakiyar waƙa. Na naɗe kwali kamar bututu, na jera manyan pil na tocila a ciki, na ɗaure a bayan rikodar da ragowar robar keke. Da na gama, abin ya daina zama na aljihu. Ya koma kamar ƙunshin tuwo da aka soka wa wayoyi.

Saura abu ɗaya. Idan kaset na juyawa, wata ƙafa a ciki tana ɗan ƙara, ƙii, ƙii, kamar ɓera. Ba mai ji sai ni. Amma na kasa yarda a ce a lokacin da zukata biyu ke haɗuwa akwai ɓera a wurin. A gidanmu kuwa duk abin da ya yi ƙara maganinsa ɗaya ne. Ƙyauren ɗaki, sarƙar keke, almakashi, duk man gyaɗar Inna suke sha. Na ɗauko tsinken tsintsiya na tsoma a kwanon man da ta matse da safen nan, mai ɗumi, har da ɗan gari-garin tunkuza a ciki.

"Mi kake yi da maina?" in ji Inna.

"Inna, inji ne. Mai yake so."

"To. In ya ƙoshi ka ba shi ƙuli ya haɗa."

Na ɗiga a ƙafar. Ƙarar ta ɗauke. Don kada wata ta fara, na bi sauran ƙafafun duk na ɗiga musu. Na mayar da kaset farkon waƙar da biro, na rufe rikodar, na naɗe ta a hankici mai turare. Na rasa inda zan ɓoye ta daga ƙura da kaza, sai na ɗora ta a kan katangar ɗakin ajiyar Inna, inda take jera ƙuli-ƙulinta. Ban sake gwada ta ba. Ina tattalin pil.

Kwanaki suka wuce. Ranar Juma'a na ji a kasuwa cewa mutanen Garou sun gama yanka, masu gona za su fara dawowa washegari. Na yi wanka har Inna ta buga ƙofar banɗaki. Na sa rigar sallata, na rungumi ƙunshina, na nufi ɓangaren kogi.

Komai yana inda na bar shi: benci, kujera, tabarma, faifai. Na gaida Kaka da Hausa, ta amsa da fofo, gaisuwar Dandanci. Na zauna, na ɗora ƙunshin a cinya, na warware hankicin a hankali yadda ake buɗe akwatin zinariya. Na sa gajeren abin kunne a kunnena. Na warware doguwar wayar, na miƙe, na ɗaga hannu zan tsallakar da ita zuwa ga yarinyar.

Kaka ta miƙo hannu.

Duk tsawon lokacin da na yi ina auna wayar nan ta saman tabarma, ban taɓa tuna wadda ke zaune a kan tabarmar ba. Goro ya bi ta hannunta, alawa ta bi, ban san me ya sa na ɗauka waya za ta tashi sama ba. Na sa mata a tafin hannu.

Ta juya shi, ta shinshina. "Mi kak kawo min yau, angona? Warin ƙuli shikai."

"Waƙa ce, Kaka. A kunne ake sawa."

Ta ture kallabi ta toshe kunnuwanta duka biyu, ta gyara zama. "To, sako."

Haka na sami kaina, a ranar da ta rage mini, waya ta haɗa ni da tsohuwa mai tsintar shinkafa, wadda nake so kuma tana can gefe ta yi tagumi tana kallonmu. Na danna.

Man ya sauka a kan robar da na sha wahalar yankawa, tana ta santsi. Macen da na bari tana gudu yanzu ta koma tana jan murya kamar saniyar da aka raba da maraƙi. Da namijin ya amsa, sai ka ce daga ƙasan rijiya yake.

Wanda kunnensa ke toshe bai san ƙarfin muryarsa ba. Kaka ta kwarma ihu yadda har masu wanki a bakin kogi za su ji: "Wa ya mutu?"

Ina neman abin da zan ce sai na ji wani abu na tafiya a wuyan hannuna. Na duba. Kiyashi ne, jajaye, suna fitowa ta tsagar murfi, ta ramin ƙusar da kaza ta haɗiye, ta ko'ina. Sun bi ƙamshin man tun daga ɗakin ajiya sun tare a ciki da iyalansu, yanzu inji ya girgiza musu gida. Wasu suka shiga hannun rigata. Wasu suka gangara cinya. Waɗanda suka fi hankali suka hau doguwar wayar a jere, sun nufi tabarma.

Jarumi ba ya susa a gaban masoyiyarsa. Na daure. Na matse wayar da yatsu biyu don in tare masu zuwa wurin Kaka, sai suka juyo suka hau ni. Na cire abin kunnena na yar, na murza kafaɗa a jikin dogonyaro kamar ina gyara zama. Na buga ƙafa ɗaya, na buga ɗayar. Gumi ya wanke turaren, albasa ta dawo.

Yarinyar ta jawo kujerarta gaba kaɗan, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta kalli Kaka, wadda ta rufe ido tana girgiza kai cikin tausayin mamacin. Ta rage murya.

"Mai littafi. Kaka ba ta ji yanzu. In kana da magana, faɗi."

Na leƙa cikin kaina ina neman shafi. Babu ko ɗaya. Wata da taurari duk sun watse. Wani kiyashi ya sami wuri mai taushi a hammatata ya kafa baki.

"Ina son ki," na ce. "Wayyo! Aure nake so. Ba ni da moto. In turo su Kawu?"

Ta dube ni, ina tsaye da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya a cikin riga, ɗayan riƙe da waya. Ba ta rufe fuska ba wannan karon, ta yi dariyarta a fili har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "To, yau dai na ji. Ka turo."

Kaka ta buɗe ido. Ta zare abin kunnen a natse, ta hure wani kiyashi da ya tsallake shingena, ta ɗora a kan faifai.

"Angona, abin ga naka ya daɗe da yin shiru. Tun kahin ka fara rawa."

Na duba. Kaset a tsaye yake cak. Robar ta zame gaba ɗaya, inji na ta gunaguni shi kaɗai kamar ranar da Kawu ya ba ni.

"Ashe kana da baki," in ji Kaka. "Tahi ka gaya ma manyanka. Ka kuma sake wanka. Wannan kuwa bar shi nan, ya bi ta hannuna."

Na bar mata. Na tafi gida ina susa tun daga ɓangaren kogi har ƙofarmu, mutane na gaishe ni ina amsawa da murmushi kamar taɓaɓɓe. Inna ta ga jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu, ta tambayi ina injin. Na ce yana wurin surukai. Ta ce ai gara, ƙulinta ya huta.

Kawu ya je da manya bayan baban yarinyar ya dawo, aka ba ni ita. Rikodar ba ta dawo ba. Kaka ta sa na wanke cikinta da kananzir, na yanka sabuwar roba, ta riƙa sauraren kaset ɗin wa'azi da ita a kan tabarmar nan. Duk lokacin da robar ta tsinke sai ta aiko a kira angonta. Na gyara rikodar nan sau ba adadi, har tayar keken ta ƙare na shiga ta biyu. Mai dai ban ƙara ba ta ba, tana ƙii ƙii ɗinta, Kaka ta ce ita ba ta ji.

Sai bayan rasuwar Kaka aka kawo mana ita a cikin kayanta. Kafin in ankara matata ta cire doguwar wayar ta ɗaura daga taga zuwa ƙusar bango, tana shanya 'yan kayan yara a kai. Na ga haka na nemo tsohon kaset ɗin, na mayar da shi farko da biro, na same ta tana tankaɗe. Na ce ai har yau ba mu saurari waƙar nan tare ba, ga gajeren abin kunnen, ta ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya.

Ta kalli rikodar, ta kalle ni, ta ci gaba da tankaɗenta.

"Mi za ta gaya min? Na riga na ji abin da ke kawo ka. Miƙo min kwanon can."

Na miƙa mata. Na zauna a bakin ƙofa na saurari waƙar ni kaɗai, da kunnuwa biyu. Macen ta koma gudunta, kamar ana biye da ita.